Haɗa Zinariya Mai Karat Daban-Daban a Zoben Baiko da Zoben Aure: Tambayoyi da Amsoshi

Mace a Damagaram tana sa zinariya don ado, tana kuma riƙe ta a matsayin ajiya wadda za ta iya kaiwa kasuwa ranar da wata buƙata ta taso. Zoben baiko da zoben aure baƙi ne a cikin al'adarmu, domin iyayenmu da goro da alawa da kuɗin gaisuwa suka san baiko, amma yanzu zobban sun samu wurin zama a gidaje da yawa, kuma ba kasafai ake sayen su rana ɗaya a shago ɗaya ba. Na baiko yakan zo daga Dubai ta hannun ɗan kasuwa, na aure kuwa wata gwaggo ce ta yo tsarabarsa daga Makka, ko kuma maƙeri ya narka tsofaffin ƴan kunnen uwar amarya ya fitar da shi. Ta haka ake samun zobba biyu masu karat daban-daban a hannu ɗaya, kuma daga nan tambayoyin da ke ƙasa suka taso.

Mene ne karat, kuma me lambobin da ke cikin zobe suke nufi?

Karat ma'auni ne na yawan tsantsar zinariya da ke cikin ƙarfen da aka ƙera zobe da shi. Ana kasa nauyin ƙarfen kashi 24, sai a ƙidaya kashi nawa ne zinariya zalla. Zobe mai karat 18 yana da kashi 18 na zinariya da kashi 6 na wasu ƙarafa, galibi jan ƙarfe da azurfa, wani lokaci da ɗan tutiya. Kalmar ƴar'uwar ƙiraɗi ce ta Larabci, wadda duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya taɓa cin karo da ita.

Lambobi uku da ake bugawa a cikin zobe wannan lissafin ne aka mayar da shi kashi dubu: 999 na nufin karat 24, 916 karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14, sai 375 karat 9. Kowace ƙasa da abin da ta saba. Saudiyya da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita sun fi yin karat 21, Indiya karat 22, Faransa da Italiya karat 18, Amurka karat 14, a Ingila kuma karat 9 ya yi yawa. Saboda haka sau da yawa inda zobe ya fito ya isa ya ba mutum hasken karat ɗinsa tun kafin a duba lamba. Kada a rikita wannan da karat ɗin daimon, wanda shi nauyin dutse ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram.

An ce mini karat 14 ba zinariyar gaske ba ce. Haka ne?

Ba haka ba ne. Fiye da rabin nauyinta zinariya ce, kuma an yi gamin ne da gangan domin ƙarfen ya yi ƙarfi. Gamin da aka faɗa wa mai saye ba algus ba ne. Algus shi ne a sayar da karat 14 da sunan 21, ko a yi wa tagulla ruwan zinariya a ce ciki da waje ɗaya ne. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne kuɗi ya bi karat. A ɗauka, don misali kawai, giram ɗaya na tsantsar zinariya jika 60 ne. To giram ɗin karat 21 zai kama jika 52 da rabi, na karat 18 jika 45, na karat 14 kuma kusan jika 35, kafin a ɗora ladan ƙira. Wanda ya biya kuɗin 14 ya karɓi 14 ba a cuce shi ba, illa dai ya sani cewa kasuwarmu ta fi son jar zinariya mai karat 21, kuma ranar sayarwa zai ga hakan a fuskar mai saye.

Zoben baikona karat 18 ne, na aure kuma 21. Zan iya sa su a yatsa ɗaya?

Za ki iya, Hajiya. Haɗuwar su ba ta sa ɗaya ya yi tsatsa, ba ta rage wa ɗaya karat, kuma launin wannan ba ya shiga cikin wancan. Abin da ke faruwa gogayya ce kawai, kuma a gogayya ƙarfe mai tauri shi ke cin mai laushi. Tsantsar zinariya tana da laushin da haƙori ma yakan bar mata tabo, kuma gwargwadon yadda aka ƙara mata jan ƙarfe da azurfa haka take ƙara tauri. Don haka a hannunki mai karat 21 ne zai riƙa sirancewa ta gefen da yake taɓa ɗan'uwansa, zanen da ke jikinsa kuma ya riƙa shafewa. Wannan aiki ne na shekaru, ba na watanni ba.

Girman matsalar ya danganta da tazarar da ke tsakani. Tsakanin 18 da 14 bambancin taurin ba shi da yawa, har wani lokaci yadda maƙeri ya buge ƙarfen da irin gamin da ya yi su fi lambar karat tasiri. Tsakanin 21 da 18 akwai bambanci amma ana iya zama da shi. Inda ya kamata a yi hattara shi ne haɗa 22 ko 21 da 14 ko 9, musamman in mai laushin siriri ne tun asali.

Sai dai a garin nan ana ɗora wa zoben maƙwabci laifin da ba nasa ba. Ƙwayar yashi ta fi kowace irin zinariya tauri nesa ba kusa ba: a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma yashi yana hawa na 7, tsantsar zinariya kuwa ba ta kai na 3 ba. Ƙurar hunturu da ke maƙalewa tsakanin zobba biyu ita ce ke zama kamar magagari a duk lokacin da yatsa ya motsa. A ƙara da riƙon taɓarya, da gogar tukunya da toka ko yashi, da ɗaukar jarkar ruwa wadda duk ɗan Damagaram ya san ba ta ƙarewa, sai a ga cewa zobba biyu masu karat iri ɗaya ma ba su tsira ba. Idan kuma zoben baiko yana da daimon da gefensa ya leƙo waje, to dutsen zai yanki zoben aure ko da karat nawa ne.

Magani mafi sauƙi shi ne ki raba su, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, tunda babu wata ƙa'ida a addini ko a al'adarmu da ta ce sai sun zauna tare. In kina son ganin su a jere, a ƙera miki siririn zobe marar ado a sa tsakani domin shi ya sha gogayyar, ki kuma cire su in za ki shiga aikin ƙarfi.

Bambancin launi zai fito fili?

Zai fito, musamman da rana tsaka. Karat 21 da 22 suna da rawaya mai kauri da ke ɗan karkata zuwa ja, 18 ya fi su haske, 14 kuma yana da ɗan fari-fari. A cikin shago ƙarƙashin fitila duk sukan yi kama da juna, saboda haka a fito da su bakin ƙofa a ɗora a yatsa kafin a biya. Bambanci kaɗan shi ya fi damun ido, domin yakan sa mai kallo ya yi zaton ɗayan ya koɗe ne ko jabu ne. Bambanci sosai, kamar fara da rawaya, yakan fito kamar an yi da niyya, kuma yana kyau a hannun da ya sha lalle.

Idan zan zaɓa da kaina, wane karat ya dace da kowane zobe?

Zoben da ke ɗauke da dutse ya fi dacewa da karat 18. Ƴan ƙananan faratan da ke riƙe dutsen sirara ne, in an yi su da 21 ko 22 sukan lanƙwashe in sun kama mayafi ko gashi, dutsen ya faɗi ba a sani ba. Zoben aure marar dutse kuwa babu laifi a yi shi da 21, in dai an ba shi kauri, domin shi ne zai riƙe daraja ranar sayarwa. Wannan rabon aiki, ɗaya don ƙarko ɗaya don ajiya, shi ne babban dalilin da ya sa ba na ganin aibi a haɗa karat biyu. Wadda ta zaɓi 21 ta san zai lotsa in ya bugu, kamar yadda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maƙeri ya ce zai liƙe mini su da wuta su zama ɗaya. In yarda?

A nan ne nake jan hankali fiye da ko'ina. Aikin yana yiwuwa, kuma yana da amfani: zobban za su daina gogar juna, dutsen kuma zai daina juyawa ƙarƙashin yatsa. Maƙeri yana amfani da ɗan gutsuren zinariyar liƙi wadda take narkewa kafin zobban su narke, kuma in ya san aikinsa ba za a ga wurin haɗin ba.

Hasarar tana zuwa ne daga baya. Zobba biyu da ke rabe kowanne ana iya ɗora shi a sikeli shi kaɗai, a gwada shi shi kaɗai, a yi masa kuɗi shi kaɗai. Da zarar sun zama ɗaya, mai saye ba shi da hanyar sanin giram nawa ne na wannan da na wancan sai ya yanka, kuma ɗan kasuwa ba ya yin kuskure ta ɓangaren da zai cutar da shi. Zai yi wa duka kuɗi da karat mafi ƙasa. A ɗauki zobe mai giram 4 na karat 21 da wani mai giram 3 na karat 14. Tsantsar zinariyar da ke cikinsu ta kai giram 5 da kwata. In aka yi musu lissafin karat 14 gaba ɗaya, giram 7 ɗin ba za su ba da fiye da giram 4 da ɗan ɗigo ba. Fiye da giram guda na zinariya zalla ya tafi ke nan ba tare da an sace shi ba.

Akwai kuma abin da lissafi bai nuna ba. Mace takan so ta sayar da zobe ɗaya ta riƙe ɗaya, ko ta ba ƴarta ɗaya ranar aurenta. Ranar rabon gado magada sukan buƙaci sanin ƙimar kowane abu daki-daki. Ƙara wa zoben faɗi ko rage shi ya fi wuya in an liƙe, kuma wasu duwatsu, irin su lu'ulu'u da zumurrudu da duwatsun gilashi, ba sa jure wuta, sai an cire su kafin a fara. Shawarata ita ce a bar su a rabe. In kuwa dole sai an liƙa, a auna kowanne a gaban mai shi, a rubuta nauyi da karat a takarda, a kuma roƙi maƙerin ya ɗiga liƙin a wuri biyu kawai ta ƙasa, yadda za a iya raba su da zarto ba tare da ɓarna ba.

Ina da tsofaffin ƴan kunne da sarƙa masu karat daban-daban. In an narka su za a samu karat nawa?

Za a samu matsakaicinsu gwargwadon nauyi. A ninka nauyin kowane abu da karat ɗinsa, a tara, a raba da jimlar nauyi. Giram 4 na karat 21 da giram 4 na karat 18 za su ba da karat 19 da rabi. Giram 5 na karat 22 da giram 3 na karat 14 za su ba da karat 19. Matsalar ita ce 19 da 19 da rabi ba karat ne da kasuwa ta saba da su ba, saboda haka ranar sayarwa sai a kira su 18.

Saukar da karat abu ne mai sauƙi, ɗaga shi kuwa yana da tsada. Giram 6 na karat 21 in aka ƙara musu giram 1 na jan ƙarfe da azurfa sun zama giram 7 na karat 18. Amma kafin giram 10 na karat 18 su zama 21, sai an zuba musu wasu giram 10 na tsantsar zinariya. Duk maƙerin da ya ce zai mayar miki da 18 zuwa 21 ba tare da ƙarin zinariya ko raguwar nauyi ba, a tambaye shi ta yaya.

Kafin a kunna wuta a ware farar zinariya gefe, a cire duwatsu da maƙullan sarƙa, domin wasu maƙullan akwai ɗan ƙarfe mai tsalle a cikinsu. Ɗigon dalma kaɗan, irin wanda ake samu a kayan da aka taɓa yi wa gyaran arha, ya isa ya sa zinariya ta riƙa tsagewa ƙarƙashin guduma. Nauyi kuma yakan ɗan ragu a wurin narkawa da gogewa, kuma ya fi kyau a yi maganar wannan raguwa tun kafin aiki, ba bayansa ba.

Ɗan'uwana ya kawo ɗanyar zinariya daga arewa. Ai ita ce karat 24?

A'a. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten, can arewacin Nijar, a shekarar 2014 matasa da yawa daga yankin nan suka tafi haƙa, kuma ɗanyar zinariya ta shigo gidaje. Amma zinariya ba ta fitowa daga ƙasa a tace. Kusan kullum akwai azurfa a cikinta, kuma yawan azurfar yana bambanta daga rami zuwa rami. Sai an narka ta an gwada kafin a san karat ɗinta, daga nan ne maƙeri zai lissafa gamin da zai kai ta 21 ko 18.

Zobe ɗaya mai launi biyu ko uku fa? Kowane launi da karat ɗinsa ke nan?

Ba lallai ba ne. Launi daga irin gami yake fitowa, karat kuma daga yawansa. In jan ƙarfe ya rinjaya a cikin gamin sai zinariyar ta yi ja-ja, in kuma aka yi gamin da faladiyom ko nikel sai ta yi fari. Sanannen zoben nan mai zobba uku a sarƙe, fari da rawaya da ja, wanda kamfanin Cartier na Faransa ya fara fitarwa a 1924, a ƙirarsa ta yanzu dukkansu karat 18 ne. Wannan ita ce hanya mafi tsabta ga mai son launi biyu: a bambanta launi, a bar karat ɗaya, sai lissafi ya zauna daidai.

Farar zinariya tana da nata sha'anin. Ƙyallin da ake gani a sabuwa ruwan wani ƙarfe ne mai suna rodiyom da aka shafa mata, kuma yana gogewa da amfani, ya fi saurin gogewa ta gefen da wani zobe ke taɓawa. In ya goge sai ta ɗan yi rawaya, kuma ba kowane maƙeri ke da kayan sake shafa shi ba. Filatinom kuwa wani ƙarfe ne dabam, ba a auna shi da karat, lambarsa galibi 950 ce.

Ango zai iya sa zobe irin na amarya in karat ɗin ƙarami ne, ko in farar zinariya ce?

Ga Musulmi amsar ba ta rataya ga karat ba. Hadisi ya tabbata cewa zinariya da alharini halal ne ga matan wannan al'umma, haram ne ga mazanta, kuma farar zinariya mai lamba 750 kashi uku cikin huɗu na nauyinta zinariya ce, launi ne kawai ya sauya. Zoben Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, na azurfa ne, kuma littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun ƙayyade zoben namiji ya zama na azurfa, guda ɗaya, kada ya wuce nauyin dirhami biyu, wato kusan giram 6. Azurfa mai kyau lambarta 925. A wannan fanni ba mu da rashi, domin aikin azurfa na maƙeran Agadas da na nan gida sananne ne, kuma ana iya yi wa zoben ango zane iri ɗaya da na amarya. Ma'aurata Kirista da ke musayar zobba a coci su ma babu abin da ya wajabta musu karat ɗaya, tunda zobban ba a hannu ɗaya za su zauna ba.

Zan iya ba da zobena mai karat 18 in karɓi mai 21 in cika kuɗi?

Wannan ciniki ne da ake yi kullum ba tare da tunani ba, alhali malamai sun yi gargaɗi a kansa. Ƙa'idar da hadisi ya kafa ita ce zinariya da zinariya sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, kuma kyan ɗaya a kan ɗaya ba ya halatta ƙari. Da aka kawo wa Manzon Allah dabino mai kyau daga Haibara, aka ce an samo shi ne ta hanyar ba da sa'i biyu na marar kyau a karɓi ɗaya, sai ya hana, ya ce a sayar da marar kyan da kuɗi sannan a sayi mai kyan da kuɗin. Hanyar ke nan a zinariya ma: ki sayar da naki, ki karɓi kuɗinki a hannu, sannan ki buɗe sabon ciniki. Haka kuma ya hana sayar da wata sarƙa mai zinariya haɗe da duwatsu da dinare sai an rarrabe ta. Ban da tsira daga riba, wannan hanya tana sa mace ta ji da kunnenta nawa aka yi wa tsohon zobenta, abin da musaya kai tsaye take ɓoyewa.

Zobe zai iya zama sadaki? Kuma yaya zakkarsa in karat ya bambanta?

Zai iya, in an ambace shi a matsayin sadaki a wurin ɗaurin aure. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya shi ne rubu'in dinari, dinari kuma giram 4.25 ne, don haka rubu'insa ya ɗan haura giram guda na zinariya. Zobe mai giram 3 na karat 14 yana ɗauke da giram 1.75, ya wuce wannan iyaka. Ya kamata waliyyai su ji nauyinsa da karat ɗinsa a gaban shaidu, ba a ce zoben zinariya kawai a yi shiru ba.

Game da zakka, Malikiyya ba su wajabta ta a kan kayan adon da mace take sawa ba, amma wanda aka ajiye don tari ko kasuwanci ana fitar masa. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85, abin fitarwa kuma ɗaya cikin arba'in bayan shekara ta zagayo. Malamai da yawa na wannan zamani suna lissafi da tsantsar zinariyar da ke ciki, wato kusan giram 97 na karat 21 ko giram 113 na karat 18 kafin a kai nisabi. Mai kaya iri-iri sai ta auna kowane karat dabam sannan ta tara, ta kai lissafin ga malaminta.

Ta yaya zan tabbatar da karat kafin in biya?

Lambar da ke cikin zobe ita ce farkon abin dubawa, amma ƙarfen buga lamba ba shi da wuyar samu, kuma duk mai niyyar cuta zai iya buga 875 a kan abin da ya ga dama. Kayan Faransa na karat 18 suna ɗauke da ƙaramin hatimin hukuma mai siffar kan mikiya. Haruffan GP kuwa suna nufin ruwan zinariya ne kawai aka shafa. Maganaɗisu yana tona asirin baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla, saboda haka rashin kamawarsa ba shaida ba ce.

Gwajin da maƙera suka saba shi ne a goga zoben a kan baƙin dutse ya bar layi, a ɗiga ruwan asid a ga ko layin zai tsaya ko zai ɓace. Wannan fatar zoben kawai yake gwadawa, don haka in akwai shakka a ɗan karce shi ta ciki a gwada wurin. Akwai kuma gwajin ruwa: zinariya zalla ta ninka ruwa nauyi sau 19.3, karat 21 kusan sau 17, karat 18 kusan 15 da rabi, karat 14 kusan 13. Gwajin ruwa ba ya aiki a zobe mai dutse, ko mai rami a ciki, ko zobba biyu da aka liƙe. Wanda zai aika a sayo masa daga Dubai ko Kano, kada ya yi cinikin biri a sama: ya nemi takardar da ta nuna nauyi da karat da ladan ƙira kowanne a layinsa, da nauyin dutse dabam, domin dutsen gilashi da aka auna tare da zobe an saye shi ne da kuɗin zinariya.

Ɗaya daga cikin zobban yana baƙanta mini yatsa, ɗayan ba ya yi. Jabu ne?

Ba dole ba ne. Zinariya ba ta baƙanta fata, jan ƙarfe da azurfar da ke cikin gamin ne suke haɗuwa da gumi, shi ya sa mai ƙaramin karat ne yakan yi haka, kuma abin ya fi yawa a bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ƙaiƙayi da ƙuraje kuwa galibi daga nikel ne, wanda ake samu a wasu fararen zinariya. Mai irin wannan fata ta tsaya ga rawaya mai karat 18 zuwa sama.

Abubuwa biyu sun fi gumi haɗari. Ruwan jabel, wato bilic ɗin wanki, yana cin gamin da ke cikin zobe har wurin liƙi da faratan dutse su yi rauni su karye, kuma ƙaramin karat ya fi shan wahala. Zaiba kuwa, wadda ake samu a wasu mayukan hasken fata da kuma wurin masu wanke ɗanyar zinariya, tana shiga cikin zinariya ko da karat nawa ce, ta bar mata farin tabo ta kuma sa ta gautsi. In haka ta faru kada a ƙona zoben a gida, domin hayaƙin zaiba guba ne.

Yaya zan wanke su, kuma yaya zan ajiye su?

Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa su cire maiƙon humra da hayaƙin turaren wuta. A guji toka da yashi da man goge baki, domin duk suna karce. Zobba biyu a yatsa ɗaya sun fi ɗaya matsewa, yatsa kuma yana kumbura da zafi da kuma lokacin goyon ciki, saboda haka a gwada su tare da yamma, ba da sanyin safiyar hunturu ba. Wurin ajiya kada a zuba su cikin kumbo ɗaya da sarƙoƙi da warwaro. A naɗe kowanne cikin ɗan ƙyallensa, a sa takardar nauyinsa da karat ɗinsa a ciki.